ALHAJI ISA KAITA, MINISTAN DA YA RIƘE MAKARANTUN AREWA

Idan mutum ya tsaya da sassafe a bakin hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, zai ga yara iri biyu. Waɗansu suna rataye da jakar littattafai, suna sauri kada a buga ƙararrawa ba su isa ba. Waɗansu kuwa, tsararsu, suna ɗauke da farantin talla, ko suna kora awaki zuwa daji. Duka biyu 'ya'yanmu ne, gama har a cikin gidajen masu bi a kan sami na farin a sami na biyun. Saboda yaran nan na ga ya kamata a wannan wata mu karanta labarin wani mutum wanda ya riƙe makarantun Jihar Arewa duka har shekara tara, watau Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina.

Watakila wani zai ce, me ya kawo labarin Musulmi, ɗan sarauta, ɗan siyasa kuma, cikin jaridar Ekklesiya? Amsar tana cikin Littafi Mai Tsarki. Sairus sarkin Farisa ba Ba'isra'ile ba ne, amma in kun duba Ishaya sura 45 da Ezra sura 1 za ku ga ta hannunsa Allah ya buɗe wa jama'arsa hanyar komawa gida. Allah ya kan yi aiki da hannun wanda ya ga dama. Wajibi ne mu san mutanen da ya ɗora a kanmu, mu faɗi alherinsu inda suka yi alheri, mu faɗi kasawarsu kuma ba tare da ƙiyayya ba.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi Isa Kaita a Katsina cikin watan Janairu na 1912. Ubansa Malam Haruna shi ne Wazirin Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A kwanakin nan Turawa ba su cika shekara goma da cin ƙasar Hausa ba, mutane da yawa kuwa suna gudun makarantar boko, suna tsoron kada ta raba yaro da addinin iyayensa. Sarakuna da hakimai su ne aka fara matsa wa su ba da 'ya'yansu. Ta haka Isa ya shiga makaranta, har ya kai Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 domin koyar da malamai. Ita ce daga baya ta koma Kaduna, sa'an nan Zariya, inda a ke kiranta Barewa.

A kwalejin nan ya zauna tare da samari waɗanda daga baya suka riƙe ƙasar. Ahmadu Bello na Sakkwato yana gabansa kaɗan, Abubakar Tafawa Balewa na Bauci yana bayansa kaɗan. Isa ya gama a 1932. Masu bi za su tuna da shekarar nan, gama a cikinta ne aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa karo na fari.

Da ya fito sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya yi shekara tara yana wannan aiki, daga 1932 zuwa 1941. Ku riƙe wannan, gama mutumin da zai zama Ministan Ilmi ya san ƙurar alli, ya san yadda a ke fama da yaro har ya gane, ya san kuma abin da malami ya ke karɓa a ƙarshen wata.

MURYAR HAUSA DAGA AKARA

A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, wanda tsofaffinmu su ke kira Yaƙin Hitila. An ɗebi samarin Arewa da yawa zuwa soja, suka yi yaƙi a Habasha, daga baya aka kai su Bama. Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Gwamnatin Ingila ta ga tana bukatar masu faɗa wa jama'a labarin yaƙi da harshen da su ke ji. Akwai gidan rediyo a Akara, babban birnin Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana yanzu, sunansa ZOY. A 1941 aka aika da Malam Isa Kaita can, tare da Malam Bello Dandago na Kano, su riƙa karanta labarai da Hausa. Suna cikin Hausawa na farko da aka ji muryarsu ta akwatin rediyo.

Ya yi shekara uku a can. A 1944 ya komo gida. A shekarar nan ce Sarki Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Malam Isa ya shiga aikin En'e ta Katsina, ya zama magatakardan Sarki. A 1948 ya tafi Eksita a ƙasar Ingila, ya yi karatun sha'anin mulki. Watau kafin ya sa ƙafa cikin siyasa ya riga ya yi koyarwa, ya yi aikin rediyo, ya yi aikin ofis, ya zauna cikin baƙi a ƙasashe biyu.

SHIGA MAJALISA

A 1951 aka kawo sabon tsarin mulki na Gwamna Macpherson. Aka ba kowace jiha, Arewa da Yamma da Gabas, majalisa mai ikon yin doka, aka ce kuma 'yan ƙasa za su zama Ministoci. A shekarar nan Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa sosai. Malam Isa yana cikin waɗanda suka kafa ta, shi ne kuma sakatarenta na kuɗi. Aka zaɓe shi daga Lardin Katsina zuwa Majalisar Wakilai ta Arewa, wadda ta ke zama a Lugard Hall a Kaduna.

Zaɓen 1951 ba irin na yanzu ba ne. Mataki mataki a ke yinsa: ƙauye ya zaɓi wakilai, wakilan su taru a gunduma su zaɓi waɗansu, har a kai ga lardi. En'e kuma tana da ikon ƙara mutanenta a matakin ƙarshe. Saboda haka jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda ta sami goyon bayan talakawa a birnin Kano a matakin fari, ba ta kai labari ba a ƙarshe. Mata kuwa ba su da ƙuri'a ko kaɗan a Arewa, sai a 1976 suka fara jefawa. Gaskiya ce, ƙofar da Malam Isa ya shiga ta fi buɗuwa ga ɗan Waziri bisa ga ɗan talaka. Abin tambaya shi ne, me ya yi da ya shiga?

A 1954 Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Malam Isa Kaita ya gaje shi a kujerar Ministan Ayyuka, mai lura da hanyoyi da gadoji da gine-ginen Gwamnati. Daga nan aka mai da shi Ministan Albarkatun Ƙasa, watau sha'anin noma da dabbobi da daji, a zamanin da gyaɗa da auduga su ne dukiyar Arewa. A Katsina kuma an naɗa shi Madawaki, daga baya ya zama Waziri kamar ubansa. Ya zama ɗaya daga cikin mashawartan Sardauna na kusa. A majalisar Ministocin nan akwai Kirista ma, kamar Malam Peter Achimugu na ƙasar Igala, da Fasto David Lot na Panyam.

SHEKARA TARA A MA'AIKATAR ILMI

A 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilmi, ya riƙe ta har Janairu 1966. Kaya ne mai nauyi. Mulkin kai yana bakin ƙofa: Arewa ta sami nata ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya duka kuma ran 1 ga Oktoba 1960. Turawa suna shirin tafiya, amma 'yan Arewa masu ilmin da za su zauna a kujerunsu kaɗan ne ƙwarai. Akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya yawancinsu mutanen Kudu ne. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar sa 'yan Arewa cikin aikin Gwamnatin Arewa, amma ba a sa mutum aikin likita ko injiniya don an haife shi a Arewa kaɗai. Sai an koya masa. Wannan koyarwa kuwa a wuyan Ministan Ilmi ta ke.

Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a 1955, Jihar Gabas ta bi a 1957. Arewa ba ta yi haka gaba ɗaya ba. Ƙasar tana da faɗi, kuɗi kaɗan, malamai ba su isa ba, iyaye da yawa kuma ba su yarda da boko ba tukuna. Hanyar da aka bi ita ce a fara yawaita malamai da makarantun horon malamai, a ƙara makarantun sakandare a larduna, a aika da samari ƙasashen waje da kuɗin Gwamnati. A kwanakin nan Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a cikin Lardin Kano, saboda haka kowace makaranta da ke cikinsu tana bin tsarin da ya fito daga ma'aikatarsa a Kaduna.

A 1959 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby ya duba bukatar ƙasar ta ilmi mai zurfi, ya ba da rahotonsa a 1960. Daga nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962, jami'a ta fari a Arewa duka. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana ƙarƙashinta, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A 1962 ɗin kuma aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Zariya. Dukan waɗannan a zamanin da Alhaji Isa Kaita ya ke Minista aka yi su.

MAKARANTUN MISHAN

Ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Makarantun Arewa a lokacin kashi uku ne: na Gwamnati, da na En'e, da na ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu na Mishan ne. Kun san sunayensu: Gindiri ta SUM, Wusasa ta CMS, Kagoro da Egbe na SIM, Waka ta 'Yan'uwa a ƙasar Biu, da makarantun Katolika a Kaduna da Kano. Kaso mai yawa na yaran da ke karatu a Arewa a makarantun Mishan su ke, musamman a lardunan Kabba da Binuwai da Filato da kudancin Zariya. A ƙasashen sarakunan Musulmi, irin Kano da Katsina da Sakkwato, Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin Mishan. Sai wajen 1937 SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, daga nan aka sami ƴan tashoshi cikin Maguzawa.

Da mulkin kai ya matso, Kirista da yawa suka ji tsoro. Suka ce, in Bature ya tafi, Gwamnatin da Musulmi suka fi yawa a ciki za ta bar makarantunmu? Za ta ci gaba da ba su gudummawar kuɗi? An kai wannan kuka gaban kwamitin Sir Henry Willink, wanda ya zaga ƙasar a 1957 da 1958 yana jin koke-koken ƙananan kabilu. Kwamitin bai yarda a yanka sababbin jihohi ba, amma ya ba da shawara a rubuta hakkin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Aka yi haka. Tsarin mulkin 1960 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da na sāke shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba.

Rubutu a takarda abu ɗaya ne, aikatawa wani abu ne dabam. Abin da ya faru shi ne, cikin shekara taran nan makarantun Mishan ba a rufe su ba, ba a ƙwace su ba. Gwamnatin Arewa ta ci gaba da biyan gudummawa ga waɗanda suka cika sharuɗɗa, watau ƙwararrun malamai, da gini mai kyau, da yarda mai duba makarantu ya shigo ya gani. A 1961 wani Bature masanin sha'anin makarantu, Mista Oldman, ya ba da rahoto a kan yadda za a tafiyar da firamare a Arewa. Dokar Ilmi ta 1962 ta bi shawararsa, ta kawo hukumomin ilmi na ƙananan yankuna, inda En'e da masu makarantun Mishan za su zauna tare su yi shiri. Karɓe makarantun Mishan da jihohi suka yi, wanda har yanzu dattawanmu su ke jin zafinsa, a zamanin soja aka yi shi, bayan 1970, shekaru bayan Alhaji Isa ya bar kujera.

Ga misali ɗaya na amfanin wannan zama tare. Dokta Ishaya Audu ɗan Ekklesiya ne, a makarantar Mishan ta Wusasa ya fara karatu. A 1966 shi ne ya zama ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975. Mishan ta dasa, Gwamnati ta gina rumfa, Allah ya ba da girma.

ABIN DA BA ZA MU ƁOYE BA

Yabon gwani ya zama dole, amma mai bi ba ya yabo da rabin gaskiya. Gwamnatin da Alhaji Isa Kaita ya yi wa aiki tana da laifofinta. 'Yan hamayya, musamman 'yan NEPU, sun sha ɗauri da wulakanci a hannun En'e da 'yan doka. Daga 1963 zuwa 1965 Firimiya da kansa ya riƙa zaga ƙasa yana musuluntar da jama'a, da ƙarfin kujerarsa a bayansa. Wannan ya tayar da hankalin masu bi ƙwarai, har a 1964 suka kafa Ƙungiyar Kiristocin Arewa domin su yi magana da murya ɗaya. Wanda ya zauna cikin majalisar Ministoci yana da rabo cikin alherin Gwamnati, yana da rabo kuma cikin abin da ta kasa.

A wajen ilmi ma aikin bai kai ƙarshe ba. Sa'ad da ya sauka, yawancin yaran lardunan Kano da Katsina da Sakkwato da Barno ba su taɓa shiga aji ba, 'yan mata kuwa sun fi kowa zama baya. Ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu ba ta rufe ba. Sai a 1976 Gwamnatin Tarayya ta kawo firamare kyauta ga ƙasa duka, ko da haka ma har yau miliyoyin yaran Arewa ba su zuwa makaranta.

BAYAN MULKI

Da asubar 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshin soja suka yi juyin mulki. Aka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. Mulkin farar hula ya faɗi, Ministoci duka suka sauka. Allah ya tsare ran Alhaji Isa. A 1967 aka raba Jihar Arewa kashi shida, ma'aikatar da ya riƙe ta zama ma'aikatu shida.

Ya ci gaba da zama a Kaduna, yana cikin hukumomin gudanarwa na waɗansu kamfanoni. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, aka naɗa shi shugaban Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda aikinta shi ne karɓar bayanin dukiyar masu riƙe da muƙami domin a hana cin amana. Yana cikin dattawan da suka nemi a ba Katsina jiharta, ya kuwa ga cikar wannan a 1987. Ya rasu cikin watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 82. Akwai titi mai sunansa a Kaduna, akwai kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, inda a ke horon malamai. Ga mutumin da ya fara da alli a hannu, babu abin tunawa da ya fi wannan dacewa.

ME ZA MU KOYA?

Na fari, mu daina cewa alheri ba ya fitowa sai daga namu. Iyayenmu sun ji tsoro a 1957, tsoronsu kuwa ba na banza ba ne. Duk da haka Allah ya tsare makarantunsu a ƙarƙashin Minista Musulmi. Manzo Bulus ya umarce mu cikin 1 Timoti sura 2 mu yi addu'a domin sarakuna da dukan masu iko, a zamanin da ya rubuta kuwa yawancinsu ba masu bi ba ne. Ekklesiyarku ta yi wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da Kwamishinan Ilmi addu'a a wannan wata? Ko kuwa gunaguni kaɗai mu ke yi?

Na biyu, mulki aiki ne, shiri kuma a ke yi masa. Alhaji Isa ya yi kusan shekara ashirin yana ƙananan ayyuka kafin ya shiga majalisa. Yusufu ma ya riƙe gidan Fotifar da kurkuku da aminci kafin a ba shi Masar. Saurayin da ke marmarin zama kansila ko ɗan majalisa, bari ya fara nuna amincinsa a ajin da a ka ba shi, ko a asusun matasa na Ekklesiya.

Na uku shi ne mafi nauyi. A zamanin Alhaji Isa Kaita iyayenmu a ƙasar Kano suna iya cewa makaranta ta yi nisa, ko ba a yarda Mishan ta gina ba. Mu fa, me za mu ce? Jihar Jigawa tana nan tun 1991, makarantu suna kusa da mu, ga babbar sakandaren Gwamnati a Birnin Kudu wadda manyan mutane da yawa suka fito daga cikinta. Minista yana iya gina aji, amma ba ya iya shiga gidanka ya ɗauke farantin talla daga kan 'yarka. Wannan aikinka ne, kai uba, da ke uwa. Yaron da bai iya karatu ba, yaya zai karanta Maganar Allah da kansa? Yarinyar da aka aurar tun ba ta gama firamare ba, wa zai koya wa 'ya'yanta? Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ina roƙon dattawan kowace Ekklesiya su yi abu ɗaya kafin jarida ta gaba ta iso. Ku zauna ku ƙidaya yaran gidajen masu bi waɗanda suka isa makaranta amma ba su zuwa, maza da mata, ku rubuta sunayensu. Ku ziyarci iyayensu cikin ƙauna. Inda rashin kuɗin riga ko littafi ne ya hana, bari zumuntar mata da ta maza su ɗauki nauyin. In kuwa ɗan maƙwabcinku Musulmi yana cikin wannan hali, kada ku ce ba ruwanku, gama wani Musulmi ya taɓa riƙe amanar makarantun da suka koyar da iyayenmu.

Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu kuma aminci cikin abin da ya sa a hannunmu. Amin.

Abin karantawa: Ishaya 45:1-7, Irmiya 29:4-7, Romawa 13:1-7, 1 Timoti 2:1-4.